Ranar da Rayyis Tanko Ya Sauko ta Tsani

Kai Faisal, ajiye wayar nan, tunda kai ka taso da maganar. Ka ce aikin jirgin ruwa yanzu ba wani abu ba ne, daura ce, wato kwas na horo, ta mako biyu a Jidda, a miƙa maka takardar shaida, ka hau jirgi ka yi ta yawon duniya. To madalla. Ni shekara ashirin da biyu na yi a kan teku, na ƙara goma sha ɗaya ina horar da masu shigarta, amma har yau ban haɗu da wannan aikin mai sauƙi da kake faɗa ba. Ku ma da kuke dariya a bayansa ku matso. Kafin a kira magariba zan gaya muku abin da ke cikin takardar nan da kuka raina.

Ni nan Hindawiyya aka haife ni, bayan inda gidan burodin can yake yanzu. Iyayenmu ta Sudan suka zo, mu kuwa muka tashi ba mu san wani ruwa ba sai na tanka da na Zamzam. Yaron Makka ina ya ga teku? Gaba dutse, baya dutse. Da na kai shekara goma sha tara ina ta gantali, babana ya gaji, ya kai ni wurin amininsa Rayyis Tanko, wanda yake aiki a wani jirgin dakon tumaki tsakanin tashar Sawakin ta Sudan da Jidda. Rayyis shi ne sarkin aikin saman jirgi. Kubtan yana can sama da taswirarsa, amma igiya da anga da fenti da mu leburori, duk na rayyis ne. Baba ya ce masa, "Ga Haruna nan, amana. In ya gyaru naka ne, in ya lalace kada ka dawo mini da shi." Rayyis bai dubi fuskata ba. Hannuna ya kama, ya juya tafin, ya ce, "Wannan hannun ko tsintsiya bai taɓa riƙewa ba."

Aikina na farko kankare tsatsa. Aka ba ni 'yar guduma mai baki kamar na gatari da buroshin waya, aka nuna mini ƙarfen gefen jirgi, aka ce bismilla. Wata uku cur ina dukan ƙarfe. Bahar Maliya gishirinta cin ƙarfe yake yi ba tausayi, inda ka kankare yau ka shafa fenti, kafin ka zagayo jirgin ya fara ja. Rana ta dake ka daga sama, ƙarfe ya gasa ka daga ƙasa, ga warin tumaki da ba sabulun da yake fitar da shi. In mun sauka Jidda muka shiga motar Makka, sai ka ga fasinjoji suna ta matsawa, har direba ya sauke gilashi.

Sai da tafina ya yi kanta tukuna Rayyis ya fara nuna mini igiya. Yana da wuƙa mai ƙotar ƙahon sa, da wani tsinken ƙarfe da yake buɗa igiya da shi in zai saƙa bakinta, duka biyun a rataye a ƙugunsa da zare. Sau ɗaya yake nuna maka ƙulli, a hankali, sannan ya kwance ya miƙa maka. Amma duk ƙullin da aka yi a jirgin nan, ko wane ne ya yi shi, sai Rayyis ya bi ya kama ya fizga da hannunsa. Abin har haushi yake ba manya. Wani ya ce, "Haba Rayyis, shekara goma ina wannan ƙullin." Sai ya ce, "Na yarda da kai. Amma ƙullin da hannu bai ja ba, ba a ƙulla shi ba." Mun ji wannan maganar har mun gaji, muna kwaikwayonsa in ya ba da baya.

Ranar da na san ba wasa ba ce, ƙofar garke aka ce in ɗaure. Muna tasowa daga Sawakin gab da aikin hajji, jirgi maƙil da raguna, masu su wasu dillalai Sudanawa da ba su yarda su kwana a ɗaki ba, sai a tsakiyar dabbobinsu. Na ɗaure ƙofar cikin sauri don an sauke shayi. Rayyis yana wajen anga, ya ɗaga murya ya ce, "Haruna, ka ja?" Na ce na ja. Wallahi ban ja ba. Da hantsi iska ta taso, jirgi ya yi gefe, ƙofa ta ɓalle. Kun san tumaki, inda ɗaya ta nufa nan duka za su bi. Suka kwararo gefe guda, wasu a kan wasu, dillali yana salati yana jan ƙafar rago, mu muna zamewa cikin kashi. Raguna huɗu aka yanka a ranar kafin su mace. Rayyis bai dake ni ba, da ma ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya kai ni gaban dillalin ya ce, "Wannan ne ya ce ya ja." Shi ke nan abin da ya faɗa, ya tafi ya bar ni tsaye a gaban mutumin.

Kada ku ɗauka wahala ce kawai. Kai, an sha daɗi! In teku ta kwanta bayan la'asar, mu jefa ƙugiya ta bayan jirgi, kuku ya soya abin da muka kamo, a dafa shayi da na'ana'a, Rayyis ya miƙe ƙafa yana ba mu labarin yadda aka goyo shi daga Chadi har bakin teku. Mu 'yan Makka abin da ya fi ruɗa mu alƙibla. Mun saba Ka'aba tana nan inda muka bar ta, sai ga shi ka yi azahar kana fuskantar gaban jirgi, la'asar ta same ka kana fuskantar gefe. Rayyis zai dubi rana kawai ya shimfiɗa darduma, mu bi bayansa. Wani mataimakin kubtan ya taɓa ɗauko kamfas don ya kama shi da kuskure, ya tarar daidai ne, ya koma da kamfas ɗinsa.

Shi ne kuma ya koya mana ruwa. Duk sabon da ya shigo hannunsa, zuwan farko Sawakin sai an yi da shi. Zai ɗaura maka igiya a ƙugu, ya ja ƙullin, ya tsaya a kan dakalin tashar ya ce, "Yalla, faɗa." In ka tsaya roƙo ya sa a tura ka. Kana shan ruwan gishiri kana kiran uwarka, shi yana sama da bakin igiya yana cewa, "Buga ƙafa! Ɗaga haɓa! Kada ka yi kokawa da shi, ya fi ka ƙarfi!" Sai ya ga ka kai wani kwalekwale da ke ɗaure can ka dawo tukuna ya bar ka. Mutum nawa ya koya wa haka, Allah kaɗai ya sani. Shi dai kullum yana kan dakali da rigarsa a bushe, kuma ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Wa zai ce wa Rayyis ya tuɓe?

A zamanin nan takardarka ita ce bakin rayyis ɗinka. In Tanko ya ce wane ya iya, kowane kubtan a tashar Jidda zai ɗauke ka. Daga baya ƙa'ida ta zo, ta duniya baki ɗaya, cewa ba mai hawa jirgi sai da shaidar horo, kuma a riƙa sabunta ta. Da farko ana ɗaga wa tsofaffi ƙafa a ƙananan jirage irin namu. Ni na yi tawa da wuri, don na ɗan tsinci Turanci a wurin wani Bafilifine mai kula da injin. Da gwiwata ta lalace, igiya ce ta tsinke ta make ni, sai wata cibiyar horo a Jidda ta ɗauke ni mataimakin malami, tunda ina jin Larabci da Hausa da ɗan Turancin nan.

To Faisal, ga daurar da ka ce ba komai. Akwai ɗakin ƙarfe da ake cika shi da hayaƙi, a goya maka tukunyar iska, ka shiga da rarrafe ba ka ganin ko tafin hannunka, ka lalubo mutum-mutumi mai nauyin ƙato ka jawo shi waje. Na ga masu gemu sun fito suna kuka. Akwai kuma tafkin horo, da dakali a kansa mai tsayin bene. Za ka sa rigar ceto, ka hau tsani, hannu ɗaya ya toshe hanci da baki, ɗaya ya danne rigar kada ta daki haɓarka, ka haɗa ƙafa, ka dubi gabanka, ka faɗa. Sannan ka yi iyo zuwa kwalekwalen roba da aka kifar, ka hau cikinsa, ka ja igiya ka birkito shi. Malami yana tsaye da takarda. Abin da idonsa ya gani ka yi, shi yake sa wa hannu.

Sai muguwar shekarar ta zo. Cuta ta ɓulla a dabbobin ƙetare, aka rufe shigo da su. Jiragen tumaki suka yi layi a bakin tasha suna tsatsa, namu ma aka sayar da shi. Mutanenmu suka dawo Makka suna zaman shaguna, wasu suka kama tasi. Aikin da ya rage sai a manyan kamfanoni, su kuwa ba ruwansu da wane ya ce wane ya iya. Takarda suke so. Wani kamfani mai jiragen kaya ya yarda zai ɗauki Rayyis Tanko, don kubtan ɗinsu ya san shi, amma da sharaɗin ya kawo shaidar horo kafin ƙarshen wata. Lokacin ya haura hamsin da biyar, yana da iyali tara, kuma ban da teku bai san wata sana'a ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, sai ga Rayyis a ƙofar gidana a unguwar Zahir. Gabana ya faɗi, don babba ba ya tako wa yaronsa gida sai da dalili, aikowa yake yi. Na shimfiɗa masa, aka kawo shayi da dabino. Muka yi zancen zafi, muka yi zancen waɗanda suka rasu, ya sha kofi uku. Sai da ya fara neman takalminsa ya ce, "Haruna, wannan tsallen ruwan da kuke sa mutane, ba a ɗauke wa dattijo?"

Na yi dariya na ce, "Haba Rayyis, kai da ka koya wa rabin Jidda iyo?"

Bai yi dariya ba. Yana ta juya kofin a hannunsa. A nan na tuna rigar nan da kullum take a bushe, sai na ji kunya ta rufe ni kamar ni ne aka tona.

Na ce masa akwai sauran mako uku, mu je in koya masa inda ba mai ganinmu. Sau biyu muka je wani gaɓar teku kudu da Jidda da sassafe. Na sa masa rigar ceto, na ɗaura masa igiya a ƙugu kamar yadda ya yi mini, har ya kai hannu ya ja ƙullin. Ruwa ya kai masa gwiwa, lafiya. Ya kai ƙugu, lafiya. Yana taɓa ƙirjinsa sai mutumin ya sandare, numfashinsa ya sarƙe, idonsa ya fito. Mutumin da na gani yana tafiya a kan ƙarfe mai faɗin tafin ƙafa, jirgi yana rawa, ko riƙo ba ya yi! Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Rana ta uku na jira shi har rana ta take bai zo ba.

Amma daurar ya zo. Ɗakin hayaƙi shi ya fi kowa saurin fito da mutum-mutumin. Wajen ƙulli kuwa malaminmu, wani Bamisire, ajiye igiyarsa ya yi ya ce Rayyis ya koyar. Ranar ruwa Bamisiren ya tafi ofis, aka bar ni da takarda da mutum goma sha biyu. Huɗu daga ciki namu ne, duk yaran Rayyis, kuma zuwa lokacin sun gane abin da ake ciki. Babbansu, Bala, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Yaya Haruna, ka san bai dace mu tsaya muna kallon Rayyis daga shi sai gajeren wando ba. In ya hau, kowa zai juya baya, girmamawa ce, ko Larabawan nan za su gane. Kai ma ka juya. Ni zan faɗa daga gefe, a ji ƙarar ruwa. Shi kuma ya sauko ya watsa ruwa a famfo. Ba ka yi ƙarya ba, ka ji da kunnenka."

Na ce, "Rayyis ya san da wannan?"

Ya ce, "Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Ku sani, ba mugun nufi Bala ya yi ba. Haka aka rene mu. Ba ka kallon babba in yana cikin abin kunya, kawar da ido kake yi. Ni ma jikina abin da yake so ke nan. Kuma na san in an tara masu takarda goma, Rayyis ya fi su amfani a jirgi. Amma jirgin da zai hau ba ɗan tsallaken Sawakin ba ne, teku mai nisa zai shiga. In wuta ta tashi aka ce kowa ya faɗa ruwa, rayyis ne zai birkito kwalekwale ya jawo sauran. Kubtan zai dubi takarda ya ce wannan ya iya, don Haruna ya gani.

Kowa ya yi nasa, ya rage Rayyis. Ya sa riga, ya ɗaure, ya hau tsani a hankali har ya kai sama. Bala ya yi gyaran murya, mutum goma sha ɗaya suka juya suka fuskanci bango. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin tace ruwa. Ni ina tsaye a inda malami yake tsayawa.

Rayyis ya leƙo ƙasa ya ce, "Haruna, kai ba ka juya ba."

Na ce, "Rayyis, ka yafe mini. Ƙullin da hannu bai ja ba..."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya matsa har bakin dakalin, yatsun ƙafarsa a waje, ya toshe hanci, ya danne riga, ya haɗa ƙafa, duk yadda aka koya, ba kuskure ko ɗaya. Ina ta addu'a a zuciyata Allah ya tura shi. Na ga ya lanƙwasa gwiwa sau biyu kamar zai faɗa. Sai ya sauke hannunsa, ya juya, ya sauko ta tsani. Ya cire rigar ceton, ya ninke ta, ya naɗe igiyoyinta tsaf, ya miƙa mini. Ya ce wa Bala, "Fito daga bakin ruwan nan, kada ka jiƙa wandonka a banza." Ya sa jallabiyarsa ya fita. Bai ƙara hawa jirgi ba.

Abin da na sha a unguwar nan, ku tambayi iyayenku. Butulu ne sunana. Aka ce wanda ya ci gishirin mutum shekara ashirin ya hana shi layi ɗaya na tawada. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, wata guda ba ta amsa gaisuwata da baki ba. Rayyis ya koma kasuwar tumaki yana ɗaure kaya a kan motoci, ya tsufa da wuri. In na gaishe shi a masallaci zai amsa, amma a gajarce, kamar baƙo. Duk ranar da na gan shi cikin rana yana jan igiya a bayan mota, sai in ji baƙin ciki ya tokare ni, kuma har yau ba zan ce muku ya wuce ba.

Bayan shekara shida, ina bakin tafkin nan da sababbin ɗalibai, mai gadi ya ce ina da baƙo. Na fita, sai ga Rayyis da sanda, gefensa ɗansa Abdulƙadir, ya zama saurayi har ya fi shi tsawo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Tashi, gwiwarka ba ta da lafiya." Ya kama hannun yaron ya sa a nawa, kamar yadda babana ya yi.

Ya ce, "Teku yake so, na hana ya ƙi. Ya ce mini ya iya ruwa. Ni ban gani ba."

Na ce, "In sha Allah zan kula da shi, Rayyis."

Ya ce, "Ba kula na ce ka yi ba. An ba ni sunan wurare uku da za a yi masa takarda ba wahala. Na biyo motar Jidda da wannan ƙafar na kawo shi wurinka." Ya kwance wuƙarsa da tsinken ƙarfen daga ƙugu ya ba yaron, sannan ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar tsanin. "In ya hau can sama, Haruna, kada ka juya masa baya."